Kada a sayi na'urar taro da ba ta jin SIP

Tun kullen korona na 2020 wata magana ta zauna daram a bakin masu sayo wa ma'aikatu kayan aiki: wai zamanin damuwa da SIP da H.323 ya wuce, a biya kuɗin Zoom ko Teams kowa ya huta. Ban yarda ba. Jami'a ko ma'aikatar da ta hau wannan magana za ta ji a aljihunta.

Kafin hoto da murya su kama hanya, sai na'urori biyu sun gaisa: wa ake nema, yana nan, da wane tsarin matse bidiyo za a yi aiki, yaushe za a katse. Ƙa'idar wannan gaisuwa ce ake takaddama a kanta. H.323 ta hukumar ITU ce, ta fito a 1996. SIP kuwa daga hukumar IETF take, kuma fasalinta da ake aiki da shi yau na 2002 ne. Dukansu a buɗe suke ga kowa, shi ya sa na'urar Polycom take kiran ta Tandberg ba tare da neman iznin wani ba.

Za a ce ai WebRTC, tsarin kiran bidiyo ta burauza, ya raba gardama, tunda yanzu daga burauza ma ana shiga taro. To, WebRTC bai tsayar da ƙa'idar gaisuwa ba. Ya bar wa kowane kamfani ya ƙera tasa. Abin da ya biyo baya shi ne, na'urar ɗakin taro mai SIP ba ta shiga taron Teams kai tsaye sai an bi ta gadar wani kamfani irin Pexip, Zoom kuma lasisi na daban yake sayarwa don haka. Lissafin kuɗin nan da dala ake yi, kuma duk akantan da ya ga yadda naira ta zube bayan Yunin 2023 ya san zafin sabunta lasisi. Kayan aro ba ya rufe katara. Kamfanin Verizon ya sayi dandalin taron bidiyo na BlueJeans a 2020, bai cika shekara huɗu ba ya rufe shi. Microsoft ya kashe Skype a Mayun 2025. A irin wannan rana, mai na'urar SIP adireshin da yake kira kawai zai sauya, wanda kuwa aka ɗaure tasa da manhaja guda sai jiran hukuncin kamfani.

Tsakanin biyun, SIP nake zaɓa wa sabon gini, domin ita ce wayoyin ofis na intanet suke ji, sai a haɗa waya da bidiyo a tsari ɗaya. Tsofaffin na'urorin H.323 da ke aiki lafiya kada a zubar, a ajiye su bayan gada mai fassara. Amma kada a bar su tsirara a intanet: a 2012 mai binciken tsaro HD Moore ya gano ɗakunan taro kusan 5,000 da na'urorinsu ke amsa kiran kowane baƙo da kansu.

Saboda haka a rubuta a takardar kwangila ƙarara: SIP a kan TLS, a rufe murya da hoto da SRTP, nuna allon kwamfuta ya bi BFCP. Kuma kada a sa hannu a biya ɗan kwangila sai ya kira na'urar wani kamfani daban a gaban injiniyan ma'aikata, an ga hoto, an ji murya, takardar da aka haska ta fito a ɗaya ɓangaren.