Hoto ya fito, murya ta ƙi: haɗa laftof da talabijin

Idan jarrabawar WAEC da NECO ta matso, ɗalibai kan taru su kalli bidiyon darasi, musamman gwaje-gwajen kimiyyar da makaranta ba ta da kayan yinsu. Fuskar laftof ba ta isar mutum goma, sai a ce a jona da talabijin. Daga nan rigima ke tashi: wani ya ce waya ce ta lalace, wani ya ce a kira mai gyara, lokacin karatu kuma yana tafiya. Mu dai abin da muka lura shi ne yawanci ba abin da ya lalace. Kafin ku kashe ko sisi, ku riƙa canza abu ɗaya, ku gwada, sannan ku taɓa na gaba.

Idan talabijin ta rubuta No Signal, ku fara da rimot. Ku danna Source ko Input, ku zaɓi lambar ramin da kuka soka wayar, domin HDMI 1 daban, HDMI 2 daban. In bai yi ba, ku danna maɓallin Windows tare da P a laftof, ku zaɓi Duplicate, wato abin da ke kan laftof ya fito a talabijin. Wanda ke ruɗa mutane shi ne Extend: za ku ga hoton bangon kwamfuta a talabijin amma babu bidiyon. Yana nan a fuskar laftof, sai kun jawo shi gefe ya tsallaka.

Sai maganar murya, wadda ta fi ba da wahala. Wayar HDMI tana ɗaukar hoto da sauti tare. Tsohuwar wayar VGA kuwa, mai shuɗin kai da allura 15, hoto kawai take kaiwa. Ko za ku kwana kuna ƙara sauti ba za ku ji komai a talabijin ba, sai kun haɗa wata siririyar waya daga ramin iyafis zuwa talabijin ko sifika. Idan HDMI ce kuma muryar na fita ta laftof, ku danna alamar sifika a ƙasa ta dama, ku zaɓi sunan talabijin ɗin a jerin.

Wani lokacin komai ya fito, bidiyon ne kaɗai ya ƙi. Nan ku tambayi kanku daga ina ya zo. Wayoyi da yawa na yanzu suna ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC, wanda manhajar da ta zo da Windows kan ƙi buɗewa sai an ƙara mata wani abu. Ku sauke VLC, kyauta ce, kuma da wuya ta ƙi fayil. Idan kuma a Netflix da makamantansu ne allo ya yi baƙi, mai yiwuwa kariyar hana satar fim ce, HDCP, wadda ke toshe hoton idan talabijin ko 'yar na'urar haɗi ba ta dace da ita ba. Wannan ba laifin laftof ba ne, ku cire na'urar ku jona kai tsaye.

Bidiyo mai tsinkewa kamar mai in'ina fa? Ku jona caja tukuna, domin laftof kan rage ƙarfinta idan tana kan batir. Ku rufe sauran shafukan intanet. Kuma tsohuwar laftof ba ta iya ɗaukar 4K, ku nemi na 1080 ko 720, darasin bai canza ba. In gefen hoton ya yanke har rubutun malami ya ɓace, gyaran yana cikin saitin hoton talabijin: LG na kiransa Just Scan, Samsung kuma Screen Fit.

Ga masu niyyar zuwa kasuwa, ku yi hattara. Ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba, wasu na caji da tura fayil ne kawai. Na'urar da ke mayar da HDMI zuwa VGA kuma hanya ɗaya take bi, ba ta aiki ta baya. Gara ku tafi da laftof ɗin shagon a gwada a gabanku, tunda ba kowane ɗan kasuwa ke karɓar kayan da aka yage ledarsu ba.

Abu ɗaya da ke iya jawo asara ta gaske shi ne wuta. Gidaje da yawa wayarin ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, ga janareta mai hawa da sauka, kuma soka HDMI alhali komai na kunne na iya ƙona ramin. Ku kashe talabijin daga soket, ku soka wayar, sannan ku kunna, musamman idan talabijin ɗin ta Baba ce ko ta makaranta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.