Tuba a Bangon Falo

A gidan tarihi na Louvre, a birnin Paris, akwai wani zane da Georges de La Tour ya yi wajajen 1640. Maryamu Magadaliya ce zaune cikin duhu, ta yi tagumi, ƙoƙon kan mamaci bisa cinyarta, idonta a kan harshen wutar fitila. Bisa tebur ga littattafai, ga gicciye, ga igiyar da masu tuba ke horon jikinsu da ita. Yau ana buga kwafinsa ana sayarwa ta intanet, da tsawo da faɗi a santimita, domin a rataya saman kujerun falo.

Shigarsa gida ba laifi ba ne. Tun a ƙarni na 17 attajiran Turai sun ajiye irin waɗannan zane-zane a ɗakunansu, domin ibadar kaɗaici. Abin da ya canza shi ne yadda ake karanta shi.

Ɗalibin kimiyyar harshe ya san cewa alama ba ta da ma'ana sai cikin tsarin da ya haife ta. Tsarin nan kuwa sananne ne: taron Trente, wanda Majami'ar Katolika ta kammala a 1563, ya jaddada matsayin tuba, ya kuma amince da hotuna a matsayin hanyar koyar da mabiya. Saboda haka kowane abu a zanen kalma ce. Ƙoƙon kai na nufin mutuwa, wutar da ke cin manta na nufin kwanakin da ke ƙarewa. Idan aka haɗa su, jimlar umurni ce ake faɗa wa mai kallo: ya tuba tun da sauran lokaci.

Mai saye da ya zaɓe shi don launinsa ya dace da labule ya mayar da umurnin nan sifa kawai. Ya yi daidai da wanda ya rataya rubutun da bai iya karantawa ba, saboda kyan hannun marubucin. Haƙƙinsa ne, bangonsa ne. Amma mai sayarwa da ya bayyana girma da launi, ya yi shiru a kan mamacin, ya tauye wa mai saye rabin hajarsa.

La Tour ya zana wannan mata fiye da sau ɗaya. A zanen da ke birnin New York, tana fuskantar madubi, ta tuɓe sarƙar lu'ulu'unta, sauran kayan adonta kuma suna yashe a ƙasa. Shi ma ana sayar da kwafinsa a rukunin kayan adon gida.