Farin Shiga a Gasar Firimiyar Nijeriya: Abin da Kano da Katsina ke Nuna wa Kabi

A gidajen kallon ƙwallo na Jega da Aliero da Maiyama, da zarar ƙungiya ta ci wasanni huɗu ko biyar a farkon kaka sai a fara yi mata rabon kofi. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sai dai tarihin gasar Firimiyar Nijeriya na 'yan shekarun nan ya fi karkata ga ɗaya karin maganar, wato ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kano Pillars da Katsina United maƙwabta ne, kuma kishiyoyi. A watan Afrilun 2022 wasansu a filin Sani Abacha ya watse da tarzoma, aka farfasa motar 'yan Katsina, hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku. Ƙarshen wannan kakar su biyun suka faɗa rukuni na biyu. Faɗuwar Pillars ta fi ciwo, domin ƙungiya ce da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2023 suka dawo tare, su da Heartland ta Owerri da Sporting Lagos. Sabon hawa yakan zama ɗan rakiya, amma da kakar 2023/2024 ta ƙare, Heartland da Sporting Lagos ne suka faɗa cikin huɗun ƙarshe, maƙwabtan biyu kuwa suka tsira.

A cikin waɗannan huɗun akwai Doma United ta Gombe, wadda labarinta ya fi kowanne dacewa a tsaya a kansa. Ƙaramar ƙungiya ce da ta ba kowa mamaki a zagayen farko. Bayanta ya yi wuyar ɓallewa, har ta taɓa hawa saman tebur. Watanni kaɗan bayan haka ta faɗi, tare da maƙwabciyarta Gombe United. Ba sihiri a ciki. Gasar ta ƙungiyoyi 20 ce, kowace tana buga wasa 38, rabinsu a waje, galibi a kan doguwar hanyar mota. 'Yan wasa goma sha ɗaya masu ƙwazo suna iya riƙe wasanni goma na farko. Daga nan rauni ya shigo, gajiya ta taru, manyan ƙungiyoyi su zawarci wanda ya yi fice, abokan karawa kuma su gano salon wasan. Abin da ke ɗaukar ƙungiya zuwa ƙarshe shi ne benci mai kauri da albashin da ke zuwa a kan kari. Ko a Amurka, inda kowace ƙungiyar besbol ke buga wasa 162 a shekara, masu nazari ba sa ɗaukar teburin watan Afrilu da muhimmanci.

Manomin albasa a Aliero bai buƙatar a yi masa dogon bayani. Ganye ya yi kore shar a fadama ba shi ne riba ba. Ribar tana ga abin da ya rage a rumbu bayan watannin zafi.

Wannan batu ya shafi Kabi kai tsaye, domin jihar ba ta da wakili a babbar gasar. Kebbi United tana ƙasa, matasa kuwa sun raba kansu tsakanin Arsenal da Chelsea da Barcelona. Duk lokacin da maƙwabta suka haska, sai sha'awa ta taso a tara kuɗi a sayo 'yan wasa daga nesa a yi hawan gaggawa. Wannan hanya ce ta samun farin shiga irin na Doma. Daga Birnin Kabi zuwa Uyo ya haura kilomita 1,000, kuma ƙungiyar da ba ta tanadi kuɗin irin wannan tafiya na kaka guda cur ba, za ta ƙare tun kafin abokan karawa su gama da ita.

Abin da ya riƙe Pillars, har ta iya janyo Ahmed Musa da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato a 2024, shi ne gasannin unguwanni da suka daɗe suna haifar 'yan wasa, da 'yan kallo masu sayen tikiti. Irin wannan tushe Kabi ta tsakiya na iya kafa shi da kuɗi kaɗan. Jega da Aliero da Maiyama suna kusa da juna, ƙungiya na iya zuwa ta buga ta kwana a gida. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tana da ɗalibai da fili, 'yan kasuwar Jega kuma suna da ƙarfin ɗaukar nauyin riguna da alƙalan wasa. Ƙananan hukumomin uku su haɗu su tsara gasar gida da waje ta watanni shida, mai rajistar shekarun 'yan wasa, su gudanar da ita shekara uku a jere kafin a fara maganar Firimiya.