Hannun da ya yi sanyi bayan tiyatar wankin ƙoda

Jarin maɗinkin Fagge yatsunsa ne, haka ma ɗan tireda a Kasuwar Sabon Gari. Idan ƙodar ɗayansu ta gaza har aka ɗora shi kan wankin ƙoda, likita zai yi masa ƙaramar tiyata a hannu: ya haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, domin ta biyun ta yi kauri ta jure allurar na'ura. Likitoci na kiran wannan mahaɗa fistula (ba ta da alaƙa da yoyon fitsari), kuma tun 1966 da Brescia da Cimino suka bayyana ta a New York ba a samu hanyar da ta fi ta aminci ba.

Sai dai jini, kamar ruwa, gangare yake bi. Wani lokaci mahaɗar kan janye kaso mai yawa, yatsu su tashi da ragowa. Wannan ita ce "satar jini": hannu ya yi sanyi, ya dinga mutuwa, ya yi zogi lokacin wanki, daga baya gyambo ya fito a kan yatsa. Ta fi kama masu ciwon suga da tsofaffi, musamman idan a gwiwar hannu aka yi haɗin.

Damuwata ita ce yadda muke fassara alamar. A Kano, hannu mai sanyi "sanyi" ne kawai, balle da hunturu. Sai a wuce kemis a sayi maganin ciwon jiki, makonni su shuɗe, yatsa ya yi baƙi.

Alhali magani na nan. Mafi sauƙi shi ne a ɗaure mahaɗar baki ɗaya. Hannu ya tsira, amma majiyyaci ya koma kan robar da ake zura wa a jijiyar wuya, mai yawan jawo ƙwayoyin cuta cikin jini. Ana iya tsuke mahaɗar don rage abin da take sha. Akwai kuma aikin DRIL, wanda Schanzer ya bayyana a 1988: a ɗaure jijiyar zuciya daf da ƙasan mahaɗar, a ɗauko wata jijiya daga ƙafa a yi wa jini kwana zuwa yatsu. Da shi ana ceton hannu da mahaɗa tare, amma yana bukatar ƙwararren likitan tiyatar jijiyoyi.

Garin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002 bai kamata a rasa yatsa a cikinsa saboda ba wanda ya duba ba. Ina ganin wajibi ne kowace cibiyar wanki ta sa ma'aikacin jinya ya taɓa hannayen majiyyaci biyu kafin a jona shi, ya kwatanta ɗuminsu, ya nemi bugun jini a wuyan hannu. Wanda kuma hannunsa ya shanye ko ya kama tsananin zogi sa'o'i kaɗan bayan tiyatar, a mayar da shi asibiti a daren, kada a jira ranar wanki.