Bashi hanji ne, ba laifin ɗauri ba

Ƴan uwa na Ƙonni, Ɗan Isa, Magariya da Gaya,

Tun da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, kun san abin da ya same ku. Wanda ya ci bashi ya sari albasa ko wake don Illela ko Jibiya, kaya sun lalace a hannunsa, bashi kuwa yana nan bai lalace ba. Ga shi yanzu ana bin ku gida gida, ana kunce akuyar matar gida, ana kai magidanci wurin jandarmomi ya kwana sai dangi sun haɗa kuɗi.

Ba mu ce kada ku biya ba. Haƙƙin mutane ne, kuma mai bin bashin ma sau da yawa talaka ne irinku. Amma kasa biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne, in babu zamba ko cin amana a ciki. Tun 1986 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta hana kulle mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya ƙulla. Maganar bashi ta alƙali ce.

Dokar OHADA, wadda ƙasarmu ke aiki da ita, ta shimfiɗa hanya. Mai bin ka ba ya ɗaukar kayanka da hannunsa. Sai da takarda mai ƙarfin zartarwa, galibi hukuncin kotu, kuma husiye ne zai kawo ta. Kafin ya rubuta kayanka don sayarwa, sai ya ba ka takardar umarnin biya, kwana 8 su wuce. Ko an rubuta su, kana da wata guda ka nemi mai saye da kanka, kada a karyar da su a gwanjo. Ba ya zuwa ranar Lahadi ko ranar hutu, ko bayan ƙarfe 6 na yamma, sai da izinin alƙali. Alƙalin kuma yana iya duba halinka ya ɗaga maka biya har shekara guda. Ruwan kuɗi ma yana da iyaka: a 2020, iyakar ita ce kashi 15 cikin ɗari a shekara ga banki, 24 ga ƙananan asusun ba da rance.

Wa ya taɓa karanta muku wannan? Duk yana nan a rubuce da Faransanci. Kusan shekara goma masu mulki na wancan lokaci suka yi suna riƙe da rediyo da talabijin, ana ta kiɗa da kirari, ba su ga dama ba.

In kuka ba mu ƙuri'unku, ƴan majalisarmu za su nemi a fassara dokar nan da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a riƙa karanta ta a rediyon karkara, a kuma hukunta duk jami'in da ya kulle mutum kan bashi.

Kafin nan, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, kuma ko dala ka biya, karɓi rasit. Ranar zaɓe, fito da katinka tun da safe.