Madadin Jini da Lafiyar Mai Jego a Karkarar Kano

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona, babu abin da ya kai tayar da hankalin magidanci irin a ce matarsa ta haihu jini ya ɓalle. Sai a garzaya da ita babban asibiti, a shiga neman ɗan'uwan da jininsa ya dace da nata, lokaci kuwa yana ƙurewa. Saboda haka labarin madadin jini, wato ruwan da masana suka haɗa daga sinadarin himogulobin, yake da daɗin ji. Ba ya bukatar gwajin rukunin jini, kuma wani irinsa mai suna Hemopure, wanda ake tacewa daga jinin shanu, yakan shekara 3 ba tare da firij ba, alhali jinin da mutum ya bayar ba ya wuce kwana 42. Amma Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Himogulobin shi ne ke ɗaukar iskar oksijin zuwa gaɓoɓi, kuma Allah Ya killace shi cikin jajayen ƙwayoyin jini. Bangon jijiyoyin jini yakan fitar da wata iska, naitirik oksaid, wadda ke sa jijiya ta saki ta buɗe. Gano haka ne ya sa aka ba Furchgott da Ignarro da Murad lambar Nobel a 1998. Idan himogulobin ya kasance a sake, ba cikin ƙwayarsa ba, sai ya lanƙwame wannan iska, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. Manomin rani a madatsar Watari ya san cewa in ya matse bakin tiyo ruwa zai fito da ƙarfi, amma abin da ke isa kwami raguwa yake yi. Haka ma'aunin jini zai nuna kamar an samu sauƙi, alhali ƙoda da zuciya suna cikin ƙishi.

Tarihi ya tabbatar da wannan. A 1949 William Amberson na Amurka ya ba da rahoton wata mai jego da ta zubar da jini, aka ɗura mata ruwan himogulobin. Jininta ya ɗaga, ta farfaɗo, amma bayan kwanaki ƙodarta ta tsaya, ta rasu. A 1998 aka dakatar da gwajin HemAssist a Amurka, domin kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka ba shi sun mutu, sauran kuwa kashi 17. A 2008 Charles Natanson da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 16 na mutum 3,711, suka gano haɗarin mutuwa ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, na bugun zuciya kuma ya kusan ninka uku.

Wannan haɗari ya fi kusa da Bahaushiya. Tun 1978 Davidson da Parry suka bayyana yawan ciwon zuciya ga masu jego a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da kwanciyar gadon wuta. Ga kuma jijjiga, wadda hawan jini ke tafe da ita. Daɗin daɗawa, mai amosanin jini ƙwayoyinsa suna fashewa, himogulobin ya riga ya yawaita a sake cikin jijiyoyinsa. Ƙara wa irin waɗannan abin da ke tsuke jijiya, a asibitin da ba shi da isassun na'urorin lura da zuciya, kasada ce babba.

Wasu za su ce da babu gara ba daɗi, ga shi Afirka ta Kudu ta amince da Hemopure tun 2001. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, in babu jini sam, kuma ƙwararren likita na tsaye. Sai dai Kano ba ta manta da gwajin Trovan na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda yara 11 cikin 200 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Bai kamata talaucin karkara ya zama ƙofar gwaji ba tare da cikakken sani da yardar jama'a ba.

Maganin da ya fi tabbas yana jikin samarin ƙauyukan nan. Wajibi ne hukuma ta wadata asibitocin yankin da ma'ajiyar jini mai aiki da hasken rana, malamai da dagatai kuma su kawar da camfin cewa jinin da aka bayar ba ya dawowa, domin jiki kan mayar da shi cikin 'yan makonni. Ɗaliban Hausa ma suna da rabonsu: su samar da kalmomin da za a bayyana wa manomi wannan ilimi da harshensa, don ya san abin da zai karɓa da abin da zai ƙi ran da haihuwa ta zo da gardama.