Me zai faru da majami'un Katolika a Kazakhstan idan tallafin Jamus ya ragu?

A Kazakhstan, ƙasar da kusan kashi 70 cikin 100 na jama'arta Musulmi ne, mabiya ɗarikar Katolika ba su wuce kashi 1 ba. Akasarinsu jikokin 'yan Poland da Jamusawa ne da gwamnatin Stalin ta kwaso da ƙarfi a 1936 da 1941. Sun shafe shekaru suna ibada a ɓoye cikin gidaje.

Bayan rushewar Tarayyar Soviet a 1991 an samu 'yancin addini, amma gine-gine, limaman coci da kuɗi duk sun yi ƙaranci matuƙa. Ƙungiyoyin agaji ne suka cike giɓin. Akwai Aid to the Church in Need, wadda aka kafa a 1947, mai hedikwata a Königstein da ke Jamus. Akwai kuma Renovabis, wadda Katolikan Jamus suka kafa a 1993 domin tsoffin ƙasashen kwaminisanci. Suna gina majami'u, su sayi motocin zuwa ƙauyuka masu nisa, su ɗauki nauyin karatun masu shirin zama limamai.

Sai dai ana ta gini, jama'a na tafiya. Dubban ɗaruruwan Jamusawa sun ƙaura zuwa Jamus a shekarun 1990. Waɗanda suka rage ba su da yawan da baikonsu zai riƙe coci, musamman ga kuɗin ɗumama gini a tsananin hunturu.

Can inda kuɗin ke fitowa ma akwai matsala. A 2022 kaɗai, sama da mutum 500,000 ne suka fice daga Cocin Katolika a Jamus, alhali Renovabis na samun wani kaso na kuɗinta daga abin da ake tarawa a majami'u ranar Fentikos. Yaƙin Ukraine kuma ya ƙara yawan masu neman tallafi daga asusu ɗaya.

Ga kuma doka. Tun 2011 Kazakhstan ke buƙatar aƙalla mutum 50 kafin a yi wa ƙungiyar addini rajista, kuma dole masu wa'azi daga waje su nemi izini.

Ziyarar Fafaroma Francis a Satumban 2022 ta ja hankalin duniya na kwana uku. Abin da zai ɗorar da waɗannan majami'u shi ne yaye limamai 'yan ƙasa daga makarantar Karaganda, da samar da kuɗin shiga a gida, tun kafin hannun masu bayarwa ya gaji.